Koren Mayafi

"Wannan sulken na maza ne kawai," in ji wasan da take yi a waya. Ta yi jifa da wayar kan kujera.

"Baba, ka ji rainin hankali? Ni na kashe dodon, wai jarumata ba ta isa ta sa sulkensa ba!"

Bai ɗago daga tasa wayar ba. "Kowa da kayansa, uwata. Sai haƙuri."

Haushi ya sa ta leƙa wayarsa don ta ga ƙaton jarumin da yake taƙama da shi a wasan.

Mace ce tsaye bakin kogi, ba takobi ba garkuwa. Ta yafa koren mayafi irin na marigayiya Mama, wanda har yau ke rataye bayan ƙofa.

"Ba sa ba maza mayafin nan," ya ce. "Na gwada."