Takardar da Rabe Ya Karanta

Alhaji Manu ya tsayar da marsandinsa a tashar mota da ke bakin shingen kan iyaka na Jibiya, ya fito yana gyara malum-malum. Saura wata biyu zaɓen saba'in da tara, kuma cikin manyan tashar shi kaɗai ne bai yanki katin kowace jam'iyya ba.

Ba jan aji yake yi ba, rasa inda ya dosa ya yi. In ya zauna da attajirai suna cewa a bar kowa ya nemi arzikinsa, sai maganar ta shige shi. In ya ji 'yan jam'iyyar talakawa suna tsine wa masu danne haƙƙi, sai tsigar jikinsa ta tashi. Shekara shida da suka wuce shi ma dako yake yi a wurin nan, kafin kuɗin fetur su buɗe hanyar Maraɗi, ya wayi gari da manyan motoci bakwai.

Ranar dai ya yanke cewa wurin talakawa za shi, tunda can ne asalinsa.

Sakataren jam'iyyar shi ne Malam Rabe, wanda ya shekara ashirin yana rubuta wa mutanen tasha wasiƙa. Ba sa ga-maciji da Alhaji tun ranar da ya sa aka ture masa rumfa don motocinsa su sami wurin juyawa. Da Alhaji ya iso wurinsa, Rabe bai miƙe ba, bai kuma nuna masa benci ba. Ya ce su ba sa sayar da kati. Zai karanta masa wata takarda, in ya yarda da abin da ke ciki, ya zama nasu.

Ya buɗe akwatinsa na ƙarfe, ya zaro takardar da ninki ya fara cinyewa. Tsofaffin 'yan dako suka sauke kaya suka matso.

"Duk mai motar da ya sa mutum lodi cikin rana bai ba shi abinci ba, azzalumi ne."

Alhaji ya ce wannan ya danganta da yadda aka yi jinga.

"Wanda buhu ya karya, mai kaya shi riƙe iyalinshi har shi warke."

Alhaji ya tuna Lawal, wanda ƙugunsa ya goce a bayan motarsa da daminar bara, aka mayar da shi ƙauyensu Bugaje a kan jaki. Ya ɗaure fuska, ya ce kowa da ƙaddararsa.

"Kada mutum guda shi mallaki mota fiye da biyu a tashar nan. In ya ƙi, mu hana ta tsallaka shinge, ko da za ta kai mu ƙone ta."

Nan Alhaji ya fashe. Ya ce wannan ba siyasa ba ce, hassada ce ta matsiyata, kuma yau ya san inda ya tsaya: gobe zai yanki katin attajirai, duk ɗan dakon da ya bi Rabe kuwa ya nemi wata tashar. Wani dattijo ya sunkuyar da kai yana murza gammonsa.

Alhaji ya fizge takardar, ya tambayi wane ɗan iska ne ya tsara ta.

"Ni dai alƙalami na riƙe," in ji Rabe. "Mai maganar daban."

Ya ƙi faɗin suna. Alhaji ya sa direbobinsa biyu suka tisa ƙeyarsa zuwa ofishin 'yan sanda, jama'a na biye. Ya dangwara takardar a teburin saje, ya ce shi bai iya boko ba, amma ya ji da kunnensa ana shirin ƙona masa dukiya. Ya rantse ko uwarsu ɗaya da mai maganar ba zai karɓi ban haƙuri ba, sai an kulle shi.

Saje ya bi layukan da yatsa har ƙasa, inda aka dangwala babban yatsa da shuɗin tawada. Ya ce takardar ta shekarar da aka yi fari ce, saba'in da uku. Ya ɗaga kai ya dubi Alhaji, sannan ya karanta abin da ke rubuce gefen yatsan:

"Ni ne na faɗa, na sa aka rubuta. Manu ɗan dako, shugaban masu lodi na tashar Jibiya."