Akun da Ba a Taya Ba

"Safara'u! Fito ki ga tsarabar kasuwar Wudil!"

Labaran ya dire kejin kara a tsakar gida. Wata uku ke nan 'yarsa ba ta fita wasa, ba ta dariya. Yau tana leƙa kejin ta ga ƙaramar aku koriya mai tsagaggen baki, sai ta ƙyalƙyale. Har da tauna mata gyaɗa.

Daɗi ya kwashe shi. "Ko anini ban biya ba! Tun safe ba wanda ya taya. Yo wa zai so mai irin wannan bakin?"

Dariyar ta ɗauke.

A hankali ta ja gefen zanenta, ta rufe leɓenta da aka haife ta da shi a tsage.

"Baba, ashe kai ma haka kake gani?"