Golan Inna Laure

Tun da aka kafa dokar kowane rediyo ya riƙa faɗa wa mai shi cewa ƙungiyarsa ce ta ci, ba a ƙara rigima kan ƙwallo a Funtuwa ba. Malam Ilu, wanda ya tsufa yana sharhin wasa, ya koma ɗan kallo.

Wata rana da la'asar yana dawowa daga filin wasa, gari sai murna yake, da waɗanda suka ci da waɗanda aka ci. Inna Laure mai fura, uwar Sallau golan garin, ta tare shi.

"Malam, rediyona ya ce Sallau ya kama fenaretin. Kai da ka gani da idonka fa?"

Ya lumshe ido. Tsohuwar muryarsa ta sharhi ta dawo masa a hankali, kamar daga nesa. Ya faɗa mata yadda ƙwallon ta taso tana shawagi, Sallau ya tashi sama, yatsunsa suka shafe ta, ta shige raga.

Ta ajiye ludayi, ta rufe ƙwaryar furar.

"Allah ya saka da alheri, Malam. Bari in tafi gida. Kowa zai yi masa barka, ba mai yi masa jaje."