Ranar da Kawu Bai Gudu Ba

"Idan hankalina ya gushe, kai ne wakilina," in ji Kawu Gwadabe. Shekararsa ashirin a unguwar Sharafiyya, can ƙasa mai tsarki, ba takardar zama.

"Yaya zan gane?" na tambaye shi.

"Ranar da ka ga 'yan jawazat masu kamen marasa takarda ban gudu ba, halas, shi ke nan."

Ran Talata motarsu ta shigo layinmu. Kowa ya watse. Kawu yana zaune da shayinsa, har da ɗaga musu hannu.

Na sungume shi na kulle a ɗaki, na kira mai ruƙiya.

"Ɗan banza, na samu iƙama, takardar zama!" yake ta ihu.

Ni da matarsa muka yi kuka. Ciwon ya yi nisa.

Bayan kwana tara matarsa ta zo wanke rigar da muka tuɓe masa. Ga iƙama a aljihu, sabuwa fil.

Ban buɗe ƙofar ba. A matsayina na wakili, na yanke shawara ya huce tukuna.