Sai Lallen Ya Fita

Tala ta sake duba farcenta. Jan lallen ya ɗan ja baya, fari ya ɓullo daga gindi, siriri kamar zare. Da sauran aiki.

Shekara uku ke nan da mijinta Hashimu ya bar Gidan Sori, ya bi fatake kudu, ya ratsa Kwango, ya yada zango a wani gari wai shi Ndola, a ƙasar da ba ta daɗe da karɓar mulkin kanta ba aka raɗa mata Zambiya. Bayan tafiyarsa ƙyanda ta ɗauke ɗansu tilo. Tala ta yi kusan shekara ba ta magana, kunu ma sai an ɗura mata. Sau biyu ana riƙo ta a bakin rijiya. Abu ɗaya ya tashe ta: alkawarin Hashimu cewa in ya zauna da gindinsa, zai aiko a kai masa ita.

Da kaka sai ga Na'Allah, abokin tafiyarsa, ya sauka shi kaɗai, duk ya zabge. Ya daɗe a ɗakin Kadi, uwar Hashimu, kafin su fito. Tala tana bakin turmi, hannunta jawur da lallen bikin maƙwabta.

"Ya aiko a tahi da ni?"

Na'Allah ya dubi Kadi. Kadi tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

"Ya samu wuri cikin ƴan'uwa Musulmi, ba ya sake tashi daga nan," in ji shi. "Amma da wannan hannu ba ki shiga ƙasar. Masu tsaron iyaka ba su san lalle ba, ciwo suke ɗaukarsa. Sai ya hita sarai."

Fata kam da wuri take sakin lalle. Farce kuwa ba ya saki, sai dai ya tsiro ya ture shi a hankali.

Daga nan karatu ya kankama. Duk ranar da ya dawo daga kasuwar Cadakori, Na'Allah zai zauna a ƙofar zaure ya koya mata zaman Zambiya. Can tuwon masara ake ci, fari fat, da ƙananan kifi busassu. Lokacin da muke shuka su ɗari suke sha, ruwansu sai muna rani. Mota hagu take bi. Mai salla arewa yake duba. In za a gaida mutum sai a ce muli shani. Matan can kuma ba su sa kwalli, ba su sa turare ko ƴan kunne, ba su yawon biki. Gara ta saba tun yanzu, kada ta je ta kunyata mijinta.

To, Tala ba ta yi wa abu riƙon wasa. Ta tattara kwalli da awarwaro ta jefa a ƙasan kwalla. Ta koma tsohon zane. Aka yi bikin ɗiyar kawunta a Sae Sabuwa, ko leƙe ba ta yi ba. Ta samo masara ta niƙa, ta tuƙa tuwon baƙin ƙasa, ta tsare Kadi sai ta ci. Kadi ta yi loma biyu ta zagaya bayan rumbu, ta dawo tana cewa hayaƙi ne ya shiga mata ido.

Dariyarta ta dawo, kumatu suka ciko. Har awaki take gaidawa da muli shani. Matan unguwa in sun shigo sukan ce, "Ya haƙuri?" Ita kuma ta amsa, "Ai ya kusa ƙarewa." Sai su tashi ba su daɗe ba.

Wata rana ta tambayi Na'Allah ɗakin da za ta zauna.

"Ƙarami ne," ya ce. "Amma akwai inuwa." Bai ƙarasa karatun ranar ba.

Da jan ya rage rabi, haƙuri ya gaza mata. Kadi ta same ta tana kankare farce da wuƙa, har jini ya tsatso. Tsohuwar ta fizge wuƙar da ƙarfin da ba a san tana da shi ba. "Bar shi ya hita da kansa, ɗiyata. Wannan ba a gaggauta shi." Tala ta yi fushi har ta ƙi cin abinci, don ita gani take kowace rana an ƙwace mata ita ne daga mijinta.

Ɗari ya wuce, zafi ya fara. Wata safiya Kadi da kanta ta kawo aska ta yanke mata ɗan jan da ya rage a bakin farce. Tala ta shige ɗaki da murna, ta ƙulla ƙunshinta: daddawa, kuka, barkono, duk abin da ta san bakinsa ya yi kewa.

Da ta fito, gida ya cika. Liman da malamai suna zaure, ana raba fura. Uwarta ta zo tun daga Sae Sabuwa, ba wanda ya gaya wa Tala. An rufe bakin rijiya da itace. Ga ruwan wanka yana tururi, ga sabon zane, ga kwalli, ga ƙwaryar lalle an kwaɓa. Na'Allah yana jikin danga, ya ba ta baya.

Tala ta dubi Kadi ta yi dariya. "Inna, lalle kuma? So kike su maido ni daga iyaka?"

Ba wanda ya taya ta dariyar. Mata biyu suka matso suka tsaya a bayanta. Kadi ta karɓi ƙunshin ta ajiye a ƙasa, ta kama hannayenta duka biyu ta riƙe gam.

"Sa abinki, ɗiyata, ba inda za ki," ta ce. "Yau kika hita takaba."