Katin Wankin Ƙoda

"Baba, katin nan ya daina aiki," in ji ma'aikaciyar asibitin, ta turo masa shi ta taga.

Tsohon, wanda akawu ne mai ritaya, ya waiwayi matarsa a kan benci, ƙafafunta sun kumbura sumtum. Yau ce ranar wankin ƙodarta.

"'Yar nan, sake dubawa. Magatakardan jami'a da kansa ya kira ni ofis. Ya ce gyaran fansho na tafe, amma duk wanda ya yi ritaya kafin sabuwar shekara, katin asibitinsa da na iyalinsa na nan har abada. Shi ya sa na ajiye aiki saura shekara biyu."

"Ku wajen arba'in ya gaya wa haka." Ta miƙo masa takarda. "Wanda ya ajiye aiki da kansa kafin lokacinsa, shi da iyalinsa sun fita daga tsarin. Karanta mana, ko sai na ara maka tabarau?"

Shekara talatin da uku yana buga takardun sirrin jami'a. Abin alfaharinsa shi ne yatsu na aiki, ido na bin haruffa, amma kai ba ya ɗaukar komai. Don haka ma manya suka yarda da shi.

"Wane mara imani ne ya fitar da wannan?"

Idonsa ya sauka ƙasan shafin, inda mai bugawa kan sa haruffan sunansa. Nasa ne. Ya buga ta mako guda kafin magatakarda ya kira shi.

"Malam," matar ta ɗago kai da ƙyar, "sun ce mu shiga?"