Ranar da Mama Ta Yage Zanin Gadonta

Mamanmu tana da wani farin zanin gado na auduga zalla, wanda kakarmu ta bar mata. Ba ta yarda ya ga ruwan zafi. Da ruwan sanyi take wanke shi, ta shanya a inuwa, ta goge tun da sauran danshi. Mu yara ko gefensa ba ma taɓawa.

Wata rana da la'asar, a gidanmu na Nasarawa Gwom, ta kira ni in kama mata mu ninke shi. Ina riƙe da gefe ɗaya ke nan, sai ga Oga Emeka, kafinta maƙwabcinmu, ya faɗo tsakar gida. Injin yankan katako ya tsarge masa hannu, jini na tsartuwa.

"Mama, taimake ni," ya ce, ya durƙushe.

Mama ba ta ko waiwaya neman tsumma ba. Ta sa haƙori a bakin zanin, ta ja. Ƙarar yagewar ta ratsa ni har ƙafa. Na ƙanƙame nawa ɓangaren, na ce, "Mama, na Kaka ne fa!"

Ta daka min tsawa: "Sake shi! Mutum na mutuwa!"

Na saki. Ta ɗaure hannun tamau, farin ya rine ja a gabana, aka wuce da shi asibiti. Ya rayu, kuma da hannunsa.

Yanzu na girmi Mama ta wannan rana, amma har yau ban tabbata ni zan iya yin haka ba tare da na tsaya tunani ba.